Rasuwar Gwaggo, Saura Minti Biyu a Tashi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, da idanun da suka yi jawur, rabi don hawaye rabi don shekara huɗu na zura wa fuskarta ido, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabtan shago rasuwar tsohuwar kwamfutarmu, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Ta rasu ranar Litinin da yamma, wajen ƙarfe biyar da kwata, a kusurwarta ta kullum tsakanin keken ɗinki da teburin yanka, bayan gajeriyar rashin lafiya ta zafin jiki. Ta cika tana bakin aiki. Wasan ƙwallo ake yi, an ci uku da uku, saura minti biyu a tashi, kuma mu ke da bugun kwana.

Ina neman afuwar duk wanda labarin bai iske shi da wuri ba. An jinkirta wannan sanarwa kwana huɗu, domin babban mai makoki, wato mahaifina, ya shige ɗaki tun ranar ya juya wa ƙofa baya, ni kuma ba ni da hurumin sa ranar jana'iza ba da yawunsa ba.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya. Mijin Yayata ne ya kawo ta a bayan mota, lokacin da ofishinsu ya sauya na'urori aka tara tsofaffin a bakin ƙofa. Ya ce in riƙa rubuta awon masu kawo ɗinki a ciki, in daina wahala da tsohon littafina mai naɗaɗɗun shafuka. Ina shaida wa jama'a cewa har ta koma ba a taɓa rubuta awon ko da hannun riga ɗaya a cikinta ba. Ranar da aka kunna ta na tarar wani bawan Allah, wanda ya kamata a ce aikin ofis yake yi, ya bar wasan ƙwallo a ciki. Ko wane ne shi, Allah ya saka masa da alheri.

Ga wanda bai san irin wannan wasa ba, tsohon yayi ne, kuma ba kai kake buga ƙwallon ba. Kai koci ne. Za ka zaɓi mutum goma sha ɗaya, ka jera su, ka ce musu ga yadda za a yi: a riƙa doguwar ƙwallo ko gajeriya, a matsa wa abokin gaba tun daga gidansa ko a koma baya a jira shi. Daga nan sai ka naɗe hannu. Wasu ɗige-ɗige su yi ta yawo a koren fili, rubutu yana fitowa a ƙasa yana gaya maka abin da ke faruwa. Babu fuska, babu ƙafa, babu 'yan kallo sai wata ƙara mai kama da ta rediyon da ya ɓata tasha. Sunayen 'yan wasan ma sun fi ƙarfin bakinmu, don haka muka raɗa musu namu. Akwai Dogo a gaba, akwai Bahago a gefen hagu, akwai Tsohon Soja a baya. Mai tsaron raga kuwa Rariya muke ce masa, kuma ya ci sunansa.

Mai askin da ke jikin shagona shi ya raɗa wa marigayiya suna Gwaggo, don ya ce ba ta amsa gaisuwa sai ta ga dama. Gaskiyarsa. In ka danna ta, sai ta yi gyaran murya sau biyu, "kuhum, kuhum," sannan ta ja wani dogon "kirrrr," ta yi shiru. Kafin ta buɗe ido na goge wando biyu na rataye. Amma in ta farka, to ta farka ke nan.

Za a daɗe ana tuna kyawawan halayenta. Ba ta da tsegumi, domin ba ta taɓa haɗuwa da intanet ba, abin da ya faru a shago a shago yake tsayawa. Ba ta da kwaɗayi, ba ta taɓa cewa a sabunta mata wani abu ba. Ta sha ƙurar zare da tururin dutsen guga shekara huɗu ba ta kai ƙara ba. Aibinta ɗaya ne, kuma duk mai rai yana da nasa: ba ta jure zafi. Minti arba'in take iya yi a kunne, da fankar tebur tana hura mata ƙeya. In aka wuce haka sai ta fara wani kuka siriri, "tsiii," wanda ke nufin a kashe ta ta huta. Wasa ɗaya kuwa minti ashirin da biyar yake ci, don haka ba mu taɓa samun saɓani da ita ba.

Ta bar mana ilimi mai yawa, wanda ya dace a ambata ko wani zai amfana. Ita ta koya mana cewa mai tsofaffin 'yan baya ba ya ɗana tarkon satar gida, don kafin Tsohon Soja ya juya an riga an ɗauko ƙwallo daga raga. Ita ta koya mana cewa ranar da aka rubuta ana ruwan sama, gajeriyar ƙwallo asarar gumi ce, a ɗaga ta sama kawai a nemi kan Dogo. Ta koya mana cewa ɗan wasan da ya buga uku a jere, ko da shi ne gwaninka, ajiye shi ya fi, in ba haka ba minti goma za ka ga an rubuta ya riƙe cinya. Kuma duk ƙungiyoyin da ke cikinta, manya da ƙanana, ba su taɓa gane maganin ƙwallon da Bahago zai kwaso daga hagu ba. Mai aski ya yi shekara huɗu yana leƙowa da almakashi a hannu yana cewa, "Uku a baya, biyar a tsakiya! Wanda ya riƙe tsakiya shi ya riƙe wasa!" Mun gwada masa sau ɗaya aka yi mana huɗu da nema. Ya ce ai ba mu gwada da zuciya ɗaya ba.

Amma babban aikin marigayiya, wanda ya sa nake wannan dogon rubutu maimakon in kira mai sayen tsofaffin ƙarafa in huta, shi ne ta fito da Baba daga ɗaki.

Baba tela ne, shi ya kafa shagon nan a gaban gidanmu, a hannunsa na koyi riƙon almakashi. Shekara huɗu da rabi da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ya tafi da hannunsa na dama da kusan duk maganarsa. Kalma huɗu ta rage masa: "To," da "A'a," da "Kai!" da kuma "Gaba." Mutumin da a da in ya fara labari sai mai kawo ɗinki ya manta abin da ya kawo shi, sai ga shi ya koma ɗaki yana kallon bango. Wata shida bai taka ƙofar shago ba, alhali taku goma sha biyu ne daga gadonsa. Mun yi lallashi, likita ya yi faɗa, Yaya ta yi kuka, duk a banza.

Wata rana da yamma ina fama da Gwaggo, Rariya ya saki wata ƙwallo da ko makaho zai kama, na kurma ihu. Ina juyawa sai na ga Baba tsaye a ƙofar da ke shigowa daga gida, ya dogara da sanda. Ya daɗe yana kallo. Na yi masa bayani. Sai ya ja jiki zuwa teburin yanka, ya zazzage gwangwanin maɓallan riga da hannun hagu, ya ɗauki alli ya ja layi huɗu. Ya sa babban maɓallin kwat a raga. Ya sa biyu a baya, uku a tsakiya, ya jera biyar reras a gaba. Ya ƙwanƙwasa tebur ya ce, "Gaba."

Na ce, "Baba, ai wannan jerin tun zamaninku aka daina shi. Mutum biyu a baya? Ai gidan a buɗe yake."

Ya ce, "Kai!"

Daga ranar Baba ya zama koci, ni na zama mataimaki. Kullum ƙarfe huɗu da rabi zai fito, da wankansa da hularsa, in kawar da yadin mutane daga teburin yanka, ya jera maɓallai, ni kuma in shigar da jerin cikin Gwaggo. Idonsa ya yi rauni, daga inda yake zama kore kawai yake gani da wasu abubuwa suna motsi, don haka ni nake karanta masa rubutun da ƙarfi, har da ƙarin gishiri. In mun ci ya buga tebur, maɓallai su yi tsalle. In an ci mu ya harare ni kamar ni na tsare ragar. Ya koma cin abinci sosai, ya koma shan magani ba gardama, don ya san in bai sha ba Yaya za ta hana a kunna Gwaggo.

A nan ne wajibi ya hau kaina in faɗi abin da ba a saba faɗa a sanarwar rasuwa ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kakar wasanmu ta farko, da jerin Baba muka buga ta tsakani da Allah. Mun ci ƙwallaye kamar a mafarki, an kuma ci mu kamar ba mu da kowa. Bakwai da huɗu. Shida da uku. Akwai ranar da muka ci biyar, muka tashi ba ko maki ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa bangon ma ba mu gina ba. Muka ƙare a na uku daga ƙasa, masu ƙungiyar suka aiko wasiƙar gargaɗi cewa in aka sake haka za a kori koci. Da na karanta wa Baba wasiƙar, washegari bai fito ba. Na tsorata ƙwarai. Na ga in aka kore mu, bango zai koma kallo.

Don haka a wasan farko na kaka ta biyu, Baba ya jera biyu, uku, biyar a tebur, ni kuma na juya na shigar da huɗu, huɗu, biyu. Muka ci ɗaya da nema. Baba ya buga tebur, ya nuna maɓallansa, ya kalle ni yana murmushin gefen baki ɗaya, irin na "ka gani ko?" Na ce, "Na gani, Baba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Na faɗi haka da bakina, ko kunya ban ji ba.

Na yi niyyar wasa ɗaya ne. Sai ya zama kaka goma sha takwas. Da farko tausayi ne, wannan ba na shakka. Amma in faɗi gaskiya, daga baya daɗin abin na riƙa ji. Ni ke jera 'yan baya huɗu su tsaya kamar an dasa su, ni ke cewa a ja wasa in muna gaba da ɗaya, ni ke cire ɗan gaba in sa ɗan tsakiya a minti na saba'in. Muka hau daga rukuni na huɗu zuwa na uku, daga na uku zuwa na biyu, a hankali, ɗaya da nema, ɗaya da nema. Wani lokaci Baba yakan ɗaga yatsu biyar yana tambaya da ido, wai ina ƙwallayen da 'yan gaba biyar ya kamata su ci? Sai in ce, "Baba, golansu ne yau ya tashi da ƙafar dama." Gwaggo tana ji, tana gani, ba ta taɓa tona ni ba. Wannan ma a sa shi cikin halayenta na kirki.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Ranar Litinin ɗin ita ce wasan ƙarshe na kaka ta goma sha tara. In mun ci, mun shiga rukuni na ɗaya, abin da muke nema shekara huɗu. Canjaras ba zai yi mana ba. Na kwana biyu ina lissafin wanda zan sa da wanda zan ajiye, har na ɗinka wa wani mutum aljihu a bayan riga. Saboda wannan lissafi ne na manta da abu ɗaya: da safiyar ranar Yaya ta kai Baba wurin likitan ido, sun dawo da sabon tabarau. Na gan shi a fuskarsa. Har na ce, "Kai, Baba, ka koma saurayi." Amma ko kaɗan hankalina bai kai ga abin da tabarau ke yi ba.

Ƙarfe huɗu da rabi ya jera maɓallansa, na juya na yi abin da na saba. Mai aski ya rufe shago ya shigo, Yaya ma ta tsaya ba ta koma gida ba. Aka fara. Minti na talatin aka zura mana ɗaya. Ina cikin karanta rubutu ina kwaskwarima, sai na ji shirun da ke bayana ya yi yawa. Na waiga. Baba ya miƙo wuya, yatsansa na hagu a sama, yana ƙirga ɗige-ɗigen da ke gaban Rariya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya sunkuya ya kalli tebur. Biyu. Ya sake ɗagowa ya ƙirga na gaba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Na ce, "Baba, ai sukan ɗan koma baya ne in..."

Bai ce "Kai!" ba. Da ya faɗa da na ji sauƙi. Kallona kawai ya yi ta cikin sabon gilashin nan, idanunsa sun yi manya-manya, har aka busa hutun rabin lokaci.

Sai ya dafa tebur ya miƙe, ya ja kujerarsa da ƙafa, ƙiii, ƙiii, har gaban Gwaggo. Ya ture hannuna daga kan linzami, ɗan abin nan da ake ja a tebur a nuna wuri da shi. Bai taɓa riƙe shi ba a rayuwarsa, kuma da hagu zai riƙe. Ya kamo Tsohon Soja zai matsar, ya kuɓuce. Ya sake kamowa, ya kai shi wajen fili. Yaya ta ce, "Baba, kawo in taya ka." Ya ce, "A'a." Mai aski ya buɗe baki zai ce uku a baya, Yaya ta taka masa ƙafa.

Minti ashirin da biyu Baba ya yi yana jan mutum huɗu zuwa inda yake so. Na sani don agogon bango nake kallo. Tun bai gama ba Gwaggo ta fara "tsiii." Na san ma'anarsa, ni kaɗai na sani sosai. Abin da ya kamata shi ne a adana wasan, a kashe ta, a jira rabin awa. Amma wasan nan ba ya adanuwa a tsakiyar karawa, in ka kashe sai dai a sake daga farko. Kuma da wane baki zan ce wa Baba ya dakata? Mutumin da na yi shekara kusan huɗu ina karɓe masa ƙungiya a ɓoye, yau ya karɓi abinsa da hannunsa, in ce masa a kashe? Na matso da fanka har tana taɓa ƙeyarta, na ɗauki kwalin yadi ina ƙara mata fifita.

Ya gama. Biyu, uku, biyar. Ya danna da kansa, ya ce, "Gaba."

Jama'a, ban taɓa ganin rabin lokaci irin wannan ba. Minti uku da dawowa Bahago ya kwaso, Dogo ya sa kai, ɗaya da ɗaya. Kafin mu gama murna aka bi ta ƙofar da Baba ya bari a buɗe aka ƙara mana. Muka rama. Muka ƙara, uku da biyu, mai aski ya fita titi da gudu ya dawo. Rariya ya tuna sunansa, uku da uku. Ba wanda yake karanta wa Baba komai, da idonsa yake gani, yana buga gwiwa yana "Gaba! Gaba!" har hularsa ta karkace. Gwaggo kuwa kukanta ya tashi daga "tsiii" ya koma "tsiiiiiii," ga wani wari kamar an manta dutsen guga a kan yadi. Minti na tamanin da takwas muka sami kwana daga hagu. Bahago ya ajiye ƙwallo. Rubutu ya fito cewa ya bugo, Dogo ya tashi sama.

Maganarta ta ƙarshe ita ce, "Fuf."

Fuskarta ta yi baƙi. Muka ga kanmu mu huɗu a cikin gilashin, baki buɗe. Na danna, na sake dannawa, ko gyaran murya ba ta yi ba. Baba ya zauna kamar minti biyar. Sannan ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ɗauki sandarsa, ya shige gida bai kalli kowa ba.

Marigayiya ta rasu ta bar linzami ɗaya, da madannai waɗanda haruffa uku suka faɗi daga jikinsu, da lasifika biyu, ɗaya kurma tun zuwansa. Ta bar fankar tebur, abokiyar zamanta ta shekara huɗu, wadda har yanzu in an kunna ta wajen kusurwar take juyawa. Ta bar 'yan wasa ashirin da biyu, cikinsu har da Dogo, wanda a iya saninmu yana nan a sama bai sauko ba. Ta bar mai aski da jerinsa da ba a gwada da zuciya ɗaya ba. Ta kuma bar ni da abin da na shuka.

Muna godiya ga waɗanda suka riga suka zo gaisuwa. Muna godiya ga mai gyara, wanda muke kira Injiniya, da ya zo ranar Talata ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya girgiza kai ya ce, "Maigida, wannan ai ba ciwo ba ne, gasuwa ce. Me kuka yi mata?" Ya ce akwatin wutarta ya ƙone ƙurmus, irinsa kuma an daina yi, sai dai a dace a jikin wata tsohuwar. Ƙwaƙwalwarta kuwa ba zai iya cewa komai ba sai an samu wuta ta shiga. Ko da ta tashi, in ji shi, wasan ranar Litinin ya tafi, sai dai a sake shi daga minti na farko. Ba ma godiya ga maƙwabcin da ya ce ai wasan yara ne, a saya wa tsoho waya. Ya san kansa.

Kwana biyu ƙarfe huɗu da rabi tana yi, ina kawar da yadi daga teburin yanka, ina ajiye gwangwanin maɓallai, ba wanda ya fito. Na shiga na durƙusa a gaban gadonsa na ce, "Baba, na yi kuskure. Tsoro na ji kar a kore mu ka daina fitowa." Yana kallon bango. Yaya ta ja ni waje ta ce, "Kai ma dai. Hannunsa ya tafi, bakinsa ya tafi, abu ɗaya ya rage yana cewa a yi a yi, shi ma ashe kai kake yi? Da ka bar shi an kore shi, ai da shi aka kora." Na koma shago. Abincin da aka kai masa rabi yake dawowa. Ban taɓa jin tsoro da kunya sun haɗu mini wuri ɗaya irin na kwanakin nan ba.

Jiya Alhamis na yanke shawara a kawar da gawar, ko ganinta da nake yi zai daina ci mini rai. Na kira mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ya zo da kurarsa wajen ƙarfe huɗu, mutum ne mai murya, ya tsaya a tsakiyar shago yana cewa, "Wannan ce? Ai ba nauyi. Ku cire mini wayoyin in ɗauka." Na sunkuya ina cire waya, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Baba ne, da hularsa, da tabarau a fuska. Ya wuce ni, ya wuce mai ƙarafa, ya ɗora hannunsa na hagu a kan Gwaggo.

Mai ƙarafa ya ce, "Baba, sannu. Ai ta mutu, sai haƙuri."

Bakin Baba ya yi ta motsi. Muka tsaya. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Sai ya ce, "Saura... minti... biyu."

Yaya da ke bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi ta zauna a ƙasa. Shekara huɗu da rabi ba mu ji kalma uku a jere daga bakinsa ba, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ke cikin huɗun da muka sani. Mai ƙarafa ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya ja kurarsa ya yi gaba. Ni kuwa na matso ina hawaye zan riƙe hannun Baba, sai ya janye, ya nuna ni da yatsa, ya nuna dogon katakon da masu jiran ɗinki ke zama a kai. Ya sake tattaro ƙarfinsa ya ce, "Benci."

Saboda haka, ga tsarin jana'iza. Bisa umarnin babban mai makoki, an ɗage binnewa har sai abin da hali ya yi. Gawar za ta ci gaba da zama a kusurwarta, an lulluɓe ta da ragowar farin yadi mai kyau. Injiniya ya bazama neman akwatin wuta, kuma ana roƙon duk wanda ke da tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gado ko bayan ɗaki, mai shekaru kamar na marigayiya, ya taimaka ya kawo a duba cikinta. Za a riƙa karɓar gaisuwa a shago kullum daga ƙarfe huɗu da rabi, lokacin da koci ke fitowa atisaye da maɓallansa. Mai zuwa ya zo da kujerarsa. Ba a yarda kowa ya kawo shawarar jeri ba, wannan ya haɗa da mai aski. In Allah ya sa ta tashi, za a sake wasan daga farko, biyu a baya, uku a tsakiya, biyar a gaba, kuma ba mai taɓa linzami sai Baba, ko zai kai awa yana ja, an tanadi fanka ta biyu. In an ci mu bakwai, an ci mu.

Mai sanarwa: ɗansa, tela, korarren mataimakin koci. Wanda ya zo bai gan ni a kan keke ba, ya duba benci.